Katangar da Muka Rushe da Hannunmu

Shekarar da na gama kwaleji muka fara ginin majami'armu a Matamaye. Mu ba mu da yawa, gida bakwai ne ko takwas, kuma tun ina ƙarama a ƙarƙashin rumfar zana muke sujada. Da aka ba mu izinin gini sai Pasto ya raba aiki. Ni aka ba matasa, saboda na iya karatu kuma ba na jin kunyar tsawa. Abin da ke gabanmu ɗaya ne: a ɗora rufi kafin ruwan farko.

A makonnin nan Pasto yana koya mana labarin mutumin nan na Littafi Mai Tsarki da ya koma garinsu don ya sake gina ganuwa, maƙiya suka yi ta yi masa ba'a, suna kiransa ya sauko a yi magana, shi kuwa ya ƙi barin aiki. Labarin ya shige ni. Kullum da safe nakan maimaita wa matasa shi, ina neman wanda zan kira maƙiyi.

Ban sha wahalar nema ba. Maƙwabcin filin wani Alhaji ne, tsohon magini, wanda ake cewa kakansa na cikin waɗanda suka yi aikin ganuwar Damagaram tun kafin zuwan Nasara. Kowace hantsi sai ya jawo kujerarsa bakin filin ya zauna yana kallonmu. Rana ta uku ya ɗauki tubali ɗaya, ya juya shi, ya ce wannan ba gini ba ne, wasan yara ne, kada ma mu wahalar da kanmu.

Na ce masa mun ji, Allah ya ba da lada. Da ya juya na gaya wa matasa cewa ga ba'ar da aka ce za a yi mana, kada wanda ya tanka masa.

Gaskiyar magana, an ce mini a bar kwaɓin ƙasa ya kwana uku ko huɗu da ramno, wato yankakkiyar ciyawa, a ciki kafin a yi tubali. Ni na ga ɓata lokaci ne. Ƙasar ma nan kusa na sa aka haƙa, don kada a biya amalanke. Mu kwaɓa da safe, mu dunƙula da rana. Cikin mako biyu katanga ta kai kafaɗata, ina ta alfahari.

Akwai wata tsohuwa a cikinmu, Inna muke ce mata, ba ta karatu amma ba abin da ke wuce kunnenta. Ita ce ta tsayar da ni ina ɗauke da bokiti. Ta tambaye ni ko mutumin labarin ya fara gini ne da isowarsa. Na ce a'a, sai da ya zaga ya duba katangar tukuna.

"To ke kin duba?"

Na ce ba ni da lokaci. Ta ce maƙiyan cikin labarin so suke a daina aiki, shi kuwa Alhaji ban taɓa tambayarsa me yake so ba.

Don in rufe mata baki na je. Na gaishe shi a tsaye, ko durƙusawa ban yi ba. Bai nuna ya lura ba.

"Yarinya, zuba ruwan nan a kan tubalin can."

Na zuba. Kafin bokitin ya ƙare tubalin ya zama kunu, yashi yana bin ƙafata.

"Ni ba addininku nake yi ba," in ji shi. "Amma idan wannan ta faɗo, a kan mutane za ta faɗo, kuma ni ne a kusa."

Ban ba shi haƙuri a ranar ba, sai washegari, shi ma Inna ce ta raka ni. Ya kwatanta mana inda ake samun laka mai danƙo ta hanyar Dawce, ya ce kwaɓin ya kwana huɗu, ba uku ba. Pasto ya tara mu ya ce a rushe. Matasa biyu suka yi fushi suka daina zuwa, ɗaya ya ce mini ai ni na ce kada a saurari kowa. Ban musa ba.

Muka rushe har tushe, muka sake. Ruwan farko ya same mu sabuwar katanga ba ta wuce ƙuguna ba. Muka lulluɓe samanta da tsoffin zana, muka koma rumfarmu, inda muka yi damina guda ruwa na ɗiga mana a wuya. Kowace Lahadi kafin sujada nakan je in danna katangar da yatsa. Ba ta taɓa lotsawa ba. Sai bayan girbi muka ci gaba daga inda muka tsaya.