Notin Baƙin Mai a Motar Kawu

A shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa har ƙauye, kawuna ya sayi mota. Dillalin gyaɗa ne a Roni, bai iya tuƙi ba, ni kuwa ina malamin gona kuma ina da lasin, sai na zama direbansa ranakun hutu. Wani amininsa na Kano, wanda suka yi shekara da shekaru suna ci a kwano ɗaya, shi ya kawo masa ita, ya ce sabuwa ce fil. Fara ce sol, kujerunta har da leda.

Da ta yi wata biyu, Kawu ya ce in kai ta Kazaure a yi mata juyen mai.

Bakaniken dattijo ne mai furfura, garejinsa a gindin wata tsamiya. Ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin motar da sifana. Na ji ƙarfe ya zame, ya sake zamewa. Can ya leƙo.

"Malam, wa ya taɓa kunce notin nan?"

"Babu kowa, Baba. Sabuwa ce."

Ya dube ni. Ya ce in durƙusa in gani. Kan notin da ake kuncewa mai ya zubo ya cinye gaba ɗaya, ya zama mulmulalle kamar kwabo, babu inda sifana za ta kama. Ya gwada filaya, ta ƙi. Sai na ga ya ɗauko kurfi da guduma.

"Baba, dukanta za ka yi?"

"In ba haka ba, sai dai ka mai da ita yadda ka kawo ta."

Ya kafa kurfin a gefen notin yana bugawa a hankali. Notin ya motsa, ya ƙarasa shi da yatsu, ya tara kwano.

Mai bai zubo ba. Wani abu ne baƙi ƙirin, mai kauri kamar kunu, yake ɗigowa guda-guda. Dattijon ya lakato, ya murza a tafin hannuna. Na ji tsaki-tsaki.

"Garin katako ne," in ji shi. "Ana zuba wa tsohon inji don ya daina ƙara har a sayar. Motar nan ta sha duniya, fenti kawai aka yi mata."

Na zauna a kan wata taya, ina ta salati, na kasa daina kallon hannuna.

Na bar motar a can, na hau akori-kura zuwa Roni da ɗan man a gwangwani. Na tarar da Kawu a zaure bayan la'asar. Na durƙusa, na faɗa masa komai. Ya sa yatsa a gwangwanin, ya daɗe yana murzawa.

"Aminin nawa da kansa ya tuƙo ta har ƙofar gidan nan," ya ce. "Ya ci tuwona, ya yi mini addu'a."

Ban taɓa ganin Kawu yana hawaye ba sai ranar.

An sauke injin aka wanke, motar ta ɗan ƙara shekara tana tafiya da hayaƙi. Da aminin ya zo ta'aziyyar kakarmu, Kawu ya amsa gaisuwarsa, ya sa aka kai masa ruwa, sannan ya tashi ya shige gida.