Sunayen da Saba Take Dawo da Su

Bayan na gama jami'a, na yi aiki a wani ƙaramin ofis a Sabon Gari, a saman wani shagon magani. Daga Samaru nake hawa keke napep in je. Aikina kula da wata manhajar Java ce, mai tura sunayen ɗaliban wata makaranta zuwa saba, wato babbar kwamfutar da ke adana bayanai, a Kaduna. Wasu sunayen su wuce lafiya, wasu kuma sabar ta dawo da su ba wani bayani.

Abokiyar aikina, 'yar Kafanchan, wadda ta girme ni a shekaru da aiki, ta ga ina ta fama. Ta ce, "Ƙanena, daina canki-canki. Ka maƙala wa manhajar handila, ka ga kowane saƙo kafin ya fita."

Handila ɗan guntun shiri ne mai tsayawa tsakanin manhaja da saba. Na rubuta shi, na maƙala, muka zuba ido. Ashe duk harafin ƙ, ɗ ko ɓ alamar tambaya yake komawa a hanya. Muka gyara tsarin haruffan, sunayen suka wuce. Ta koma teburinta, ni kuma na sauka sayen gasasshiyar masara.