Baƙon da Ban Sauke Ba

Gida bakwai na nema a Guangzhou kafin in sami ɗaki. Na je karatu ne bayan shekara tara ina karanta labarai a gidan rediyo a Kano, kuma aikin ya koya mini sarrafa murya, har ya kai a shekarata ta biyu in na yi Sinanci a waya ba a cika gane ni baƙo ba ne. A waya ɗaki yana nan. In na iso aka ga fuskata, sai a kaɗa hannu a ce "meyo", wato babu.

Na takwas wani Bature ne ya samo mini. Ɗan gabashin Turai ne, ajinmu ɗaya, da rana yana koya wa yara Ingilishi, ko da yake Ingilishin nasa bai kai nawa ba. Mutum ne mai kirki, wannan ba na musu. Ya gaya wa matar da ke da gidan cewa ni abokinsa ne, sai ta ba ni ɗaki kusa da nasa a hawa na shida, bisa sharaɗi ɗaya: kada in kawo 'yan'uwana. Ta shafa fatar hannunta da yatsa don in gane waɗanda take nufi. Na ce na ji. A lokacin an tsananta binciken takardun baƙi, kuma ba a sabunta wa ɗalibi izinin zama sai da shaidar inda yake kwana. Rasa ɗakin nan yana iya zama rasa karatun.

Shi Baturen kusan kowace Asabar yana da baƙi. Wasu su kwana biyu, wasu mako. Mai gadin ƙofa yakan miƙe ya gaishe su.

Wata Talata da la'asar aka kira ni daga ƙofa. Na sauko na tarar da wani dattijo a tsaye a wajen shinge, da babbar riga da jaka ɗaya da ƙunshi a hamata. Mutumin Maraɗi ne, aminin mahaifina tun suna fataucin fata. Ya zo sarin jakunkuna a Shiling, garin masana'antun jaka da ke wajen birni. Otal ɗin da ya saba sauka sun ce ya cika, na biyu suka ce ba su da izinin karɓar baƙin waje. Sai ya tuna mahaifina ya rubuta masa adireshina.

Duk lokacin da mahaifina ya je Maraɗi, gidan wannan dattijo yake sauka. In shi ya zo Kano, ɗakin zaurenmu nasa ne, ni nake kai masa ruwan alwala. A wurinmu fatake ba sa tambayar ko akwai wuri. Sallama suke yi.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗana, ka yi ƙiba. Ashe shinkafar mutanen ga tana karɓarka."

Na ɗauki jakarsa na nufi ciki, mai gadi ya sa hannu ya tare. Na yi masa bayani da Sinanci mai kyau cewa babana ne, daga tafiya yake. Ya ce uwar gida, wato matar da ke da gidan, ta hana. Dattijon ya dube ni ya ce, "Mi yake cewa?"

Na ce, "Takarda yake tambaya, Baba."

Ƙaryar farko ke nan da na yi masa.

Dabarar da ta zo mini ita ce in kira maƙwabcina. Ya sauko da silifas da gajeren wando, ya dafa kafaɗar dattijon da bai taɓa gani ba, ya ce wa mai gadi, "Baƙona ne." Mai gadi ya janye hannu. Ba a tambayi suna ba, ba a tambayi fasfo ba. Na bi su a baya ɗauke da jaka.

A ɗaki na shimfiɗa masa darduma, ya yi salla, ya sha ruwa. Sannan ya kwance ƙunshin nan: kilishi ne da dabino da turare. Ya raba biyu, ya tura kaso mafi girma gefe ya ce in kai wa Baturen.

Na ce, "Baba, ai ba sai an yi haka ba. Rakiya kawai ya yi mana."

Ya ce, "Wa ya shigo da ni gidan ga?"

Na dubi bangon da ya raba ɗakina da na Baturen.

"To, shi ne mai masauki. Tsaraba tasa ce. Kai naka na ɗa ne."

Ba da gatse ya faɗa ba. Ƙa'ida ce da ya sani tun yana saurayi, ya bi ta. Na kai. Baturen ya yi murna sosai, ya ce kilishin ya fi duk wani busasshen nama da ya taɓa ci.

Washegari da hantsi uwar gida ta zo. Mai gadi ya lura cewa baƙon Bature a ɗakin baƙar fata ya kwana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ko tsohon ya fita kafin azahar, ko mu fita tare. Na ce zan kai shi ofishin 'yan sanda in yi masa rajista kamar yadda doka ta ce, sa hannunta kawai ake bukata. Ta ce ba za ta sa ba. Maƙwabcina ya leƙo ya ce shi ba a taɓa ce masa ya yi wa kowa rajista ba, kuma da gaske mamaki yake yi. Ya ce a mayar da dattijon nasa ɗakin. Ta yi masa murmushi ta ce ba shi take nufi ba, kada ya damu kansa.

Na tsaya ina lissafi: saura wata biyu izinina ya ƙare, saura shekara biyu karatu. Na shiga na gaya wa dattijon cewa akwai wani wuri da ya fi kusa da inda ake hawa motar Shiling, zai fi masa sauƙi. Ya dube ni, ya naɗe dardumar da kansa.

Ban san inda zan kai shi ba. Na kai shi wani ɗaki a saman bene inda wata mata 'yar Mali take sayar da tuwo da miyar kuɓewa, don ya ci abinci in yi tunani. A can muka tarar da wani Inyamuri haifaffen Sabon Gari, mai aikin loda wa 'yan kasuwa kaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Mun saba haɗuwa a wurin, kuma Hausarsa ta Kano ce tsantsa. Ya ga jaka, ya ga fuskata, ya ajiye cokali.

"Malam mai labarai, yau kuma wane labari? Na ga ka zo da kanun labarai a hannu."

Na faɗa masa a taƙaice, da murya ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Kai, ku 'yan boko! Ɗaki guda kai kaɗai kamar gawa, ka rasa inda za ka sa babanka. Mu shida ne a namu, kuma akwai wuri." Ya juya ga dattijon. "Baba Alhaji, in ba ka ƙyamar kwana da Kirista mai minshari, taso mu tafi."

Dattijon ya ce, "Na kwana da raƙuma, ɗana. Minsharinka ba ya ba ni tsoro."

Na ja Inyamurin gefe na ce, in mai gidansu ya gani fa? Ya ce sau biyu ana korar su, sun san hanyar ɗaukar katifa. "In sun kore mu, mu bakwai za su kora. Ya fi daɗin tafiya."

Kwana goma sha ɗaya dattijon ya yi a wurinsu. Na je gaishe shi sau uku. Sun ture kwalaye sun fitar masa da kusurwar da ke duban alƙibla, wani ɗan Gini da ke cikinsu ne ya nuna musu. Inyamurin ya samo masa motar Shiling, ya tsaya har aka loda jakunkunansa. A kwana na tara mai gidan nasu ya ƙirga takalma a bakin ƙofa, ya ba su zuwa ƙarshen wata su tashi. Ba su gaya wa dattijon ba. Ni ma sai bayan ya tafi na ji, kuma ba daga bakinsu ba.

Bayan mako uku mahaifina ya kira ni. Ya ce amininsa ya biyo ta Kano, ya ce na sauke shi, na riƙe shi kamar uba, bai rasa komai ba. Muryar mahaifina cike da farin ciki, yana ta sa mini albarka. Na san yadda ake gyara labari in an karanta shi ba daidai ba, jimla ɗaya ce. Na ce, "Amin, Baba."

An sabunta mini izini. Na zauna a ɗakin nan shekara biyu cur, ban sake kawo kowa ba.