Mangal ɗin da na ɓoye wa Alhaji Iliyasu

Duk wanda ya san Alhaji Iliyasu ya san cewa da zarar Oktoba ta kama, safarsa ta bar ƙafarsa ta koma kan famfo. Kowane famfon waje a gidansa na Pleasant Garden, a nan ƙasar Turawa mai sanyi, sai ya sa masa safa uku, ya ɗaure da leda, ya kifa masa tsohuwar hula. Wata Juma'a muka gan shi a masallaci, ƙafa tsirara cikin takalmi, na ce, "Baba Alhaji, ina safa?"

Ya ce, "Ni ina da jini a jika. Famfo fa, wa gare shi?"

Ba gidansa kaɗai ba. Ranar da aka ce ruwa zai daskare, gida gida yake bi da waya: a buɗe ƙofar kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, a bar famfo yana ɗiga kada bututu ya fashe. Kuma ba ya yarda da "na yi". Sai ya ce, "Kara wayar a famfon in ji." Anti Rifkatu, mutuniyar Jos ɗin nan mai aikin jinya, ta gaji da tashi daga kujera, ran nan sai ta yi masa "ɗis, ɗis, ɗis" da baki. Alhaji ya saurara tsaf, ya ce, "Madalla. Wannan famfon naki a coci yake waƙa ko? Tashi ki buɗe na gaskiya!"

Ruwan da ya ɗiga kuwa ba ya zubar da ko cokali. Da shi yake alwala har bazara.

Amma abin da ya fi jawo masa gunaguni shi ne kamen mangal, wato ɗan murhun gawayi. Kun san mutanenmu da shayin gawayi, musamman 'yan uwansa na Maraɗi. To, farkon Nuwamba Alhaji zai zagaya da tsohuwar motarsa ya kwashe mangal ɗin kowa, ya kulle a rumfar bayan gidansa, sai Maris. In ka yi gardama ya ce, "In kuran ya tafi, sanyi zai ba ka shawara. Ba na son ya same ka da gawayi a hannu." Kuran, wato wutar lantarki. Mu 'yan Najeriya har mun koya a bakinsa.

A nan ne nake da laifi, kuma ina jin ban taɓa faɗa a gaban jama'a ba. Shekarar da matata Asma'u ta haifi Hanifa, ina cikin fargaba ƙwarai. Na sayi barguna, tocila biyu, batir, ruwan gora, gishirin zubawa a matakala don narkar da ƙanƙara. Na rubuta komai a takarda na manna a firji. Sai na yi tunani: in wuta ta ɗauke da jaririya 'yar wata biyu, da me zan ɗumama ɗaki? Da Alhaji ya zo kame, na ce masa ba ni da mangal. Na ɓoye shi a bayan akwatuna. A ganina a lokacin, tsantseni ne.

Ya dube ni ya ce, "To, Malam Digiri." Haka yake kirana. Ya tafi.

Cikin Disamba, in ban manta ba, aka wayi gari ƙanƙara ta lulluɓe itatuwa, rassa suna karyewa suna faɗa wa wayoyin wuta. Hita ta mutu. Zuwa hantsi hannun Hanifa ya yi sanyi kamar ƙarfe. Na toshe ƙasan ƙofa da tawul, na rufe tagogi ruf, na hura gawayi a tsakiyar falo. Ɗaki ya yi daɗi. Bayan kamar rabin awa, wataƙila ya fi, Asma'u ta ce kanta yana sarawa. Ni ma na ji barci yana fizgata, na ce gajiya ce.

Sai bugun ƙofa, kamar za a ɓalle ta.

Ina buɗewa Alhaji ya ture ni, ko sallama babu. Ya naɗe hannu da rawaninsa, ya sunkuci mangal ya wurga waje kan ƙanƙara. "Asma'u, ɗauko yarinya, fita! Kai kuma buɗe tagogi, kana kallona kamar saniya!"

Muna tsaye a waje muna rawar ɗari, na ce, "Baba, ai babu hayaƙi."

"Wanda ke kisa ba a ganinsa, ba a jin warinsa. Digirin naka na mene ne?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Kimiyyar sinadarai."

"Innalillahi! A mayar musu da takardarsu!"

Ya tuƙa mu asibiti a hankali, mota tana santsi, aka duba mu aka ce mun auna arziki. Daga can ya wuce da mu gidansa, inda yake da murhun itace mai bututun hayaƙi. Kwana huɗu matarsa Hajiya Rabi tana ba mu kunu. Na tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ce, "A Satumba na sha shayi a gidanka. A kan kanka ka dafa?"

Bai taɓa ba kowa labarin ba. Sai dai duk Nuwamba, in ya zo, ba ya tsayawa a ƙofa. Kai tsaye bayan akwatuna yake nufa.

Bana babu mai zagayawa. Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki mangal ɗina da kaina na kai wa Hajiya, Hanifa tana riƙe da murfin, tana ta yi mini surutu da Turanci. Hajiya ta buɗe rumfar, sai na ga mangal bakwai sun riga nawa zuwa. Famfon gefen rumfar kuma wani ya sa masa safa.

Allah ya jiƙan Baba Alhaji, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tsare mana 'ya'yanmu, Allah ya tsare masa nasa. Amin.