Itatuwan da Binta Ta Riga Ni Gani

A gidanmu na Zaitawa, in sanyi ya shigo, ana idar da sallar isha'i sai ɗakin Iya, kakarmu. Ta ajiye kaskon garwashi a tsakiya, ta jingina da bango, mu kuma mu hau rububin wuri. Ni dai ba a ja da ni: gefen Iya nawa ne, ƙafarta a cinyata ina matsa mata. Binta, 'yar gwaggona, ba ta iya rigima ba, kullum a bakin ƙofa take ƙarewa.

Saman kan Iya akwai wani hoton fenti da Baffa Sani ya zana yana ɗalibi. Malam, kakanmu, ya yarda a rataye shi ne don babu mutum ko dabba a ciki. Wai itatuwa ne. Ni in na ɗaga kai, ɗige-ɗige kawai nake gani, kore da rawaya da shuɗi, kamar yaro ya yi ɓarna.

Rannan sai Binta ta ce, daga can ƙofa, itatuwan suna kaɗawa in wutar ta haska.

"Ashe ke ma kin gani, Binta?" in ji Iya.

Duk tausar da nake yi ban taɓa samun wannan muryar ba. Haushi ya turnuƙe ni, na ce ƙarya take, neman suna ne.

Iya ba ta yi mini faɗa ba. Ta gyara wuta ta ce, "Ku ba ni kunnuwanku, ga wata tatsuniya ta iso." Wai wani mutum ne ya ji labarin wata kuka da babu irinta a duniya. Ya yi tafiyar kwana bakwai, yana zuwa ya rungume ta don kada kowa ya raɓe ta. Ya duba ya duba, bai ga komai ba sai ɓawo da tururuwa, ya koma gida yana cewa an yaudare shi. Wani makiyayi kuwa da ke can kan tudu, kullum da yamma sai ya zauna ya sha kallo.

Na san da ni take. Na ƙara ƙanƙame ƙafar.

Da Iya ta rasu, ni ta bar wa bargonta, hoton kuma Binta. Shekaru suka ja ina cewa ni na ci riba. Bara na je gidan Binta a Gwammaja, na tsaya a ƙofar falo ina cire takalmi, na ɗaga kai. Sai ga darbejiya jere a cikin hoton nan, rana tana ratsa ganyensu. A nan na tuna, da rana ma a bakin ƙofa Iya take zama, fuskarta a bangon da hoton yake. Ni na riƙe ƙafarta, Binta ce ta taya ta kallo, kuma wallahi har yau abin yana cina.

"Yaya Rabi, shigo mana," in ji Binta.

Na ce, "Bar ni a nan tukuna."