Ƙwayar Rage Ƙiba da Tuwon Gidan Malam Garba

Assalamu alaikum, 'yan uwa da abokai na Tudun Wada. Tun damina ba ku gan ni a ɗakin karatu ba. Na roƙa a manna wannan a allon sanarwa, don na gaji da bayani ɗaiɗai.

Da haki abin ya faro. In na tuƙo keke daga ofishin auduga, sai na sauka a hanya na huta.

A asibiti aka ɗora ni a sikeli, aka ɗaure mini dantse aka auna jini, aka karɓi fitsari. Likita Bature ya yi bayani, Malam Yohanna mai ba da magani ya taƙaita mini: "Akawu, jininka ya hau. Tumbin nan da kake taƙama da shi, shi ne ciwon."

Kaina ya ɗaure. Tun tasowata, in mutum ya yi ƙiba cewa ake ya samu hutu.

Aka ba ni 'yan ƙwayoyi, ɗaya kowace safiya. Na ɓoye su a aljihu. Wa zan gaya wa ina shan maganin rama?

Ko an gargaɗe ni ban riƙe ba, ko ba a yi ba, har yau ban sani ba. Yunwa ta ɗauke ƙaf. Baki ya bushe. Barci ya ƙaura. Gabana ya riƙa bugawa, musamman in na ci goro. Ina rubuta halin jikina kullum yadda na saba, amma in na karanta ba na bambance ciwo da magani.

Kun san ciyayyarmu bayan magariba a ƙofar gidan Malam Garba tela. Tun muna samari hannuna da nasa akushi ɗaya. Sai ga ni ina zaune ina kallon tuwon gidansa, maƙogwaro ya ƙi. In ce na ƙoshi. Gobe ma haka.

Ran nan na kai masa riguna ya rage mini. Bai ko ɗago daga keken ɗinki ba.

"Mai tsoron tuwona ina ruwansa da allurata?"

"Wane tsoro kuma, Malam Garba?"

"Unguwa ta ɗauka an sa maka wani abu a abincin gidana, shi ya sa kake ramewa. Iyalina ta daina shiga biki don kunya. Dube ni ka faɗa mini, me muka yi maka?"

Na ciro kwalbar ƙwayoyin daga aljihu, na yi masa bayani. Ya juya ta, ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Wato takanas ka je wurin Bature ka roƙo rama? Mu da muke samunta kyauta?"

Ya yi dariya har da hawaye. Ni ban san ko in taya shi ba.

Washegari shi ya raka ni asibiti. Likita ya saurari ƙirjina, ya ɓata fuska, ya ce a janye ƙwayar sannu a hankali. Malam Yohanna ya ce, "Ka rage loma, ka yi tafiyar ƙasa, ka saki goro."

Bayan janyewar na sha barci kamar gawa, da wani baƙin ciki marar dalili. Sun wuce. Jinin ya sauka, hakin ya ragu. Ƙwayar ce ta yi aiki ko tafiyar ƙasa? Allah ne masani.

Na gode wa Allah, da ma'aikatan asibiti, da iyalin Malam Garba da suka yafe mini.

Wanda aka rubuta wa irin maganin nan, ya tambayi likita abin da zai ji a jikinsa. In gaba ya fara bugawa, ya koma da wuri. Kada ya ƙara ko ya yanke da kansa. Kuma kafin ya haɗiyi ta farko, ya gaya wa waɗanda suke cin akushi ɗaya.

Jiya na koma ciyayya. Malam Garba ya sa kowa ya shaida lomata ta farko. Ina cikin jin daɗin miyar kuka sai ya janye akushin.

"Ya isa, Akawu. Rigunan nan da na rage maka, ba zan sake buɗe su ba."