Zangon Kakana

Har yau in na ji kukan jaki da hantsi, sai gabana ya faɗi. Kai mai karatu wataƙila ka yi dariya, amma a garinmu wannan kukan shi ne bushara, alamar fatake sun doso.

Garin namu ƙarami ne, tafiyar rabin yini daga Tsafe, a kan tsohuwar hanyar da ke bi ta Gusau ta nufi Bungudu. Kasuwarmu ran Laraba take ci. Kakana, mahaifin babana, shi ne mai masaukin fatake. Bayan gidanmu akwai zango ƙarƙashin tsamiyoyi uku, inda ake sauke kanwa da gishiri da goro. Ina 'yar yarinya nake bin Inna muna cika randuna, warin kashin jaki da hayaƙin tuwo sun gauraye, matan Fulani na jere da ƙoren nono suna ciniki da dariya.

Wata kaka, an gama yankan gero ke nan, dogarai suka zo. Nasara na shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, kowane gida sai ya ba da namiji guda. Babana kaɗai ya rage wa Kaka cikin 'ya'yansa maza. Tsohon ya miƙe ya ce, "Ku tafi da ni, ku bar min shi." Babban dogarin ya dubi furfurarsa ya ce, "Baba, ƙasa za a ɗauka a kai, ba hira za a yi ba."

Babana ya shafa kaina, ya ce kafin shuka zai dawo. Ruwan farko ya sauka, muka yi shuka ba shi. Sai da dawa ta kai gwiwa wani maƙwabcinmu da aka tafi da su tare ya dawo, ya rame kamar kara. Ya durƙusa a zaure ya ajiye hular babana gaban Kaka. Ciwon ciki ne, in ji shi, kwana huɗu. Sun binne shi a gefen aikin. Kaka ya tambaye shi daidai ina. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba, daji ne, duk iri ɗaya."

Da hanyar ta ƙare, ba ta bi ta garinmu ba. Kasuwar ba rana ɗaya ta mutu ba. Mahauta suka bar yanka sa suka koma akuya, daga baya akuyar ma sai mako-mako ake tsallakewa. Maƙera suka kwashe zuwa Gusau, inda aka ce kantuna na sayen gyaɗa da auduga. Matan Fulani suka karkata da ƙorensu wajen tasha. Kaka dai kowace Talata sai ya share zangon, ya sa mu cika randuna. Ruwan ya kwana, ya yi kwana uku, mu zubar wa tsamiya.

Ran nan tsohon madugun da ya shekara ashirin yana sauka wurinmu ya iso, a ƙafa, ba ko jaki ɗaya. Ya sayar da su duka, sallama ya zo yi. Ya ce, "Ka taso mu tafi Gusau, nan ba sauran komai." Kaka ya ce, "Ɗana ne ya ɗauki ƙasar hanyar da ta kwashe min baƙi. In je in zauna a bakinta?" Madugun ya sha ruwa ya tafi. Shi ne baƙonmu na ƙarshe. Kaka bai ga damina biyu bayan nan ba.

Bara na sa jikana ya kai ni garin. Inda rumfuna suke, gonar dawa ce. Na tambayi wata matashiya da ke tsinkar kuɓewa ko ta san nan kasuwa ce a da. Ta ce, "Kasuwa kuma, Inna? Nan?" Ba ta yi ƙarya ba, ba wanda ya gaya mata.

Jirgin kuwa sau ɗaya na taɓa shigarsa, ina da aure har da 'ya'ya. Na zauna bakin taga ina duban kowane tudu da kowace ƙaya. Ban san inda zan yi wa babana addu'a ba, sai na yi ta yi tun daga Tsafe har muka shiga Gusau.